Malama, Yaron Ya Fi Ki Gaskiya, Amma Kada Ki Saki Ajin

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Hausa da Addinin Musulunci na karanta a NCE. Da aka yi wa malamin Turancinmu canjin wurin aiki ba a turo wani ba, sai shugaban makaranta ya ɗora mini Turancin 'yan aji biyu, wai ni ce mai ɗan dama-dama. Makon jiya muna kan darasin kalmomin da ke nuna yawan faruwar abu, irin su always da sometimes da never, sai na rubuta a allo: "I use to go to Gujungu market every Sunday." Na ƙara da: "Always I am coming to school early." Wani yaro da aka dawo da shi daga makarantar kuɗi a Kano ya ɗaga hannu ya ce duka biyun ba daidai ba ne. Aji ya kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na sa shi durƙuso a rana har aka fita tara. Yanzu in na gifta sai in ji ana "Malama Yus-tu" ƙasa-ƙasa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, yaron ɗan yayan maigidana ne, kuma tun ranar uwarsa take amsa gaisuwata a daƙile. Maigidan ya ce in abin ya dame ni in ajiye aikin in huta. Hajiya, wai da gaske kuskure na yi? Ni dai haka nake jin kowa yana faɗa. In roƙa a karɓi ajin ne, ko in haƙura da koyarwar baki ɗaya?

Daga wata malama, Jihar Jigawa

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tambaya, don wata da haɗiye abin za ta yi, ta ci gaba da hararar yaro har ƙarshen zango.

Zan fara da mai ɗacin don mu wuce wurin. Yaron ya fi ki gaskiya, jimlolin nan biyu duk ba su tsayu ba. Durƙuson da kika sa shi ma ba shi da laifin da ya ja masa shi. Da bakinki kika ce hannu ya ɗaga, ba ihu ya yi miki daga bayan aji ba. Mu da muka tsufa a gaban allo mun san wahalar da ake sha kafin yaron ƙauye ya yarda ya ɗaga hannu a darasin Turanci, to ranar nan yaran ajin kaf sun ga abin da ake yi wa wanda ya ɗaga. Wannan ce ɓarnar da ta fi damuna, ba sunan da suka laƙaba miki ba.

Amma ba ki yi ƙarya ba da kika ce haka kowa yake faɗa. Za ki ji "use to" a bakin masu digiri, a ofis, a rediyo, daga Sakkwato har Fatakwal. Turancin Najeriya ne, kuma Turancin Najeriya ba abin rainawa ba ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmominmu 29, har da okada da danfo da Kannywood. Su kansu Turawan dauri sun taɓa amfani da "use to" haka, daga baya abin ya mutu a wurinsu. Sai dai mai makin jarrabawar kammala aji uku, balle na WAEC da NECO in yaran sun je gaba, jan biro zai sa ya zagaye shi, kuma duk wanda zai shiga jami'a a cikinsu sai da kiredit a Turanci. Saboda haka abin da ake faɗa a tasha daban, abin da za ki ɗora a allo daban.

A Turancin da ake jarrabawa da shi, "used to" ake da shi, da d a ƙarshe, kuma aikinsa ɗaya ne: nuna abin da mutum ya saba yi a da, yanzu ya bari. "I used to go to Gujungu market" na nufin da can nakan je, yanzu na daina. Mutanenmu sun ga d alamar abin da ya wuce ce, sai suka cire ta suka ce ai ga na yanzu. Dabarar ba ta rashin hankali ba ce, Turancin ne bai yarda ba. Kuma akwai haɗari a ciki, don a baki "use to" da "used to" sautinsu ɗaya ne. Ki ɗauka dattijo mai hawan jini ya je asibiti a Kano, likitan da ba ya jin Hausa ya tambayi ɗansa ko baban yana shan magani, ɗan ya ce "He use to take it." Shi yana nufin yana sha kullum, likita kuma zai iya jin cewa ya daina. Abin da ya kamata ki rubuta shi ne "I go to Gujungu market every Sunday", ko "I usually go to Gujungu market on Sundays". Akwai kuma wani ɗan'uwansa da yake rikita mutane, "I am used to waking up early", wato na saba da tashi da wuri, ba ya ba ni wahala. Shi wannan ki bar shi sai wani makon.

Jimlarki ta biyu Hausa ce tsantsa aka sa mata rigar Turanci. "Kullum ina zuwa makaranta da wuri", kika bi ta kalma-kalma. Mu "ina zuwa" tana yi mana aiki biyu, tana nufin ga ni nan tafe yanzu, tana kuma nufin ɗabi'ata ce. Bature ya raba su. In ya ce "I am coming", to yana kan hanya. In ɗabi'a ce, sai ya bar aikatau tsirara ba am ba ing: "I come". Daga nan sai maganar wurin zaman always, wanda ba ya buɗe irin wannan jimla. Daidai ɗin shi ne "I always come to school early."

Nan ne nake son ki nutsu, don kina riƙe da abin da yawancin malaman Turanci ba su da shi, amma kina kallonsa a matsayin naƙasa. Ke da kika karanta Hausa, ai kin san lokaci sabau. Nakan je, kakan je, yakan je, takan dafa, mukan yi, sukan zo. Ina "kan" take zama? Tsakanin wakilin suna da aikatau. In sabo ake nufi, ba Bahaushen da zai ce "kan na je", ba wanda zai ce "na je kan". Yaro ɗan shekara huɗu a ƙauyenku ba ya kuskuren wannan wuri. To nan ne dai gurbin da Turanci yake ajiye always da usually da often da never da sauran 'yan'uwansu. Ki rubuta "na – kan – je" a sama, ki rubuta "I – usually – go" a ƙasa daidai saitinsa, ki ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. "Ta – kan – dafa", "She – often – cooks". Littattafan da aka rubuta don yaran ƙasa baki ɗaya ba za su nuna miki wannan ba, don ba da Bahaushe kaɗai aka yi su ba. Ke kuwa yaranki duk da Hausa suke mafarki. Da zarar sun ga gurbin "kan" ne, rabin darasin ya ƙare.

Haka "taɓa" take yi. "Ban taɓa zuwa Legas ba", "I have never been to Lagos". "Kin taɓa ganin jirgin ƙasa?", "Have you ever seen a train?" Taɓa tana gaban aikatau, never da ever ma haka. Abin da za ki ƙara musu kawai shi ne, in akwai mataimakin aikatau a jimlar, irin su have da has da will da can da should, to kalmar tana zama bayan na farkonsu: "You should always greet your elders", "He has often helped us". Haka in aikatau ɗin am ne ko is ko are ko was ko were, bayansa take zama ba gabansa ba: "She is always late", "The well is often dry in April". Nan ne yara suka fi faɗuwa, sai ki ga "She always is late", don sun riƙe dokar farko da ƙarfi. Wuri ɗaya kuma da ba ta shiga ko da wasa shi ne tsakanin aikatau da karɓau. "I eat often tuwo" ba magana ba ce, sai dai "I often eat tuwo". Kuma ki sa ido kan s ɗin nan ta ƙarshen aikatau in ana maganar mutum ɗaya, don da zarar wata kalma ta shiga tsakani sai yara su manta da ita su rubuta "My mother always cook". Cooks ne, ko da always ko babu.

Wasu daga cikin kalmomin suna da yawo. Sometimes da usually da occasionally suna iya buɗe jimla, "Sometimes we eat rice on Fridays", sometimes da often suna iya rufe ta. Always da never su ne masu tsauri, ba sa buɗe jimla irin taki sai in umarni ake bayarwa: "Always wash your hands", "Never drink from the pond". Dogayen kuwa, irin su every Thursday da twice a week da once a year, ƙarshen jimla suka fi zama, kamar dai yadda muke cewa yana zuwa Maigatari duk ranar Alhamis. Su ne amsar tambayar "How often?" Ki lura ana cewa once, twice, sannan three times, four times. "One time" da "two times" da muke ji a gari ba su ne mai maki yake nema ba.

Game da ma'anarsu, na san littafin da ke hannunki wataƙila ya jera su da kaso cikin ɗari, always 100, never 0, sauran a tsakani. Biyun nan na bakin gaɓa gaskiya ne, na tsakiyar kuwa ƙiyasin marubuci ne kawai, shi ya sa in kika buɗe littafi biyu za ki ga lambobin sun saɓa. Kada ki sa yara haddar su. Muna da namu tsanin da suka riga suka sani: kullum, galibi, sau da yawa, wani lokaci, jefi-jefi, ba kasafai ba, da ƙyar, sai kuma sam. Ki jera always, usually, often, sometimes, occasionally, rarely ko seldom, hardly ever, never a gefensu, shi ke nan. Abin lura ɗaya, "kullum" ɗinmu ta haɗa always da every day, su kuma ba ɗaya ba ne. "My father always wears a white gown to the Eid ground" ba ta ce kullum yana zuwa Idi ba, ta ce duk sanda ya je da farar riga yake zuwa.

Inda jarrabawa ta fi kafa tarko shi ne na ƙasan tsanin. Never da rarely da seldom da hardly kowacce ta zo da korewarta a jikinta, ba ta buƙatar not. Mu a Hausa sai mun sa "ba" gaba da baya sannan mu ƙara "sam" ko "ko kaɗan", to da wannan sabon ne yaro zai rubuta "I don't never fight". Ɗaya za a ɗauka: "I never fight". Kuma saboda korewar da ke jikinsu, 'yar tambayar nan da ake liƙawa a wutsiyar jimla tana juyewa. Ana cewa "He comes early, doesn't he?" amma "He seldom comes early, does he?" Irin wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a takardun canki-canka na WAEC da JAMB, kuma yara da yawa nan suke zubar da maki a banza. Hardly kuwa ita ce muguwar. Kamanninta da hard ya sa ake zaton daga ita ta fito da ma'anar ƙwazo. Malamin da ya so yabon yaro a katin sakamako ya rubuta "He hardly works", to cewa ya yi yaron da ƙyar yake taɓuka komai. "He works hard" ya so faɗa. Sannan ki bambance musu "ba kullum ba" da "sam". "I don't always eat breakfast" mai ita yana karyawa wani lokaci. "I never eat breakfast" mai ita ba ya karyawa ko kaɗan. In sun je babbar sakandare za su haɗu da irin su "Never have I seen such a flood", inda never ta buɗe jimla ta juya wurin zaman aikau, wato mai yin aikin, da mataimakin aikatau. Ke ki san da shi, amma kada ki kai shi aji biyu.

Akwai wani da nake son ki shirya masa, don yaron nan mai kaifin kai ne, zai iya zuwa miki da shi. Wata rana zai ga "He is always borrowing my bicycle" a littafi ya ce Malama, ba kin ce always ba ta tafiya da ing ba? Tana tafiya, amma ma'anar ta sauya, ta koma ƙorafi. Daidai take da "cika" ɗinmu: ya cika aron kekena, ta cika surutu, "She is always talking". Wato ko da kin gyara wurin zaman always kin rubuta "I am always coming early", mai jin Turanci zai iya ɗauka mita kike yi, ke kaɗai ke sammako sauran malamai na barci. Haka in ya ce miki ba a furta t ɗin often, ko ya ce ana furtawa, ki ce masa duka biyun daidai ne, Turawan ma sun rabu a kai.

To yanzu batun komawa ajin. Kada ki lallaɓa ki gyara abin a ɓoye kamar ba a yi ba, yara sun fi mu lura. Ki shiga, ki sake rubuta jimlolin nan biyu yadda kika rubuta su ranar. Ki ce musu: makon jiya na rubuta waɗannan, wane ya ce ba daidai ba ne, na je na bincika, gaskiyarsa. Ki miƙa masa alli ya fito ya gyara. Sannan ki ce hukuncin da na yi masa bai dace ba, wane ka yi haƙuri. Jimla ɗaya, ba dogon bayani, ba murya na rawa, ki juya ki ci gaba da darasi. Na san yadda wannan yake da nauyi a wurin babba a ƙasar Hausa, balle matar baffa ga ɗan da take iya aika ɗebo ruwa. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Girman da kike tsoron zai zube, ai ranar da kika sa shi a rana ya fara zuba, don yaran da suka je gida suka tambayi yayyensu sun riga sun san wanda ke da gaskiya. Abin da ba su sani ba tukuna shi ne irin malamar da suke da ita.

Sunan da suka sa miki kuwa, ki toshe kunnenki. Ba malamin da ya yi shekara a makaranta bai samu suna ba, wasu ma ba sa jin nasu sai bayan sun yi ritaya. In kika fara farautar mai faɗa, kin hura masa wuta ke nan. In kina da ƙarfin hali ma, ranar da za ki koyar da used to ki ba da misali da kanki: "I used to say use to." Za su yi dariya, amma wannan karon tare da ke, kuma ba mai manta darasin.

Darasin kansa ki ɗauko shi daga makon yaran, ki bar misalan littafi na zuwa silima da wasan ninƙaya. Ki zana kwana bakwai a allo. Lahadi Gujungu ke ci, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil ga masu nisan zango. Ki tambayi yaro sau nawa babansa yake zuwa kowacce, ya fara faɗa da Hausa, sannan ku juya tare. Wanda babansa dillalin dabbobi ne zai ce always, wanda nasa manomin riɗi ne sai kaka ta yi zai ce occasionally. Ga ɗiban ruwa, ga kiwo, ga talla, ga makarantar allo da ba a zuwa ranar Alhamis. Ga yanayi, wanda ba yaron da zai yi miki gardama a kansa: "It often rains in August", "It never rains here in January", "It is usually cold during the harmattan". Waɗanda gonakinsu ke bakin kogin Haɗeja suna da abin faɗa kan ambaliya, shekara nawa take zuwa, shekara nawa take ƙyale su.

Sannan ki nemi kwalin taliya ko na sabulu wurin mai shago, ki yayyanka, ki rubuta kalma ɗai-ɗai da babban rubutu: My, mother, cooks, tuwo, is, tired, always, never, sometimes. Ki fito da yara huɗu su tsaya a jere riƙe da "My mother cooks tuwo", ki miƙa wa na biyar always ki ce ya nemi wurinsa. Zai tafi farko, aji ya ce a'a. Zai kutsa tsakanin cooks da tuwo, aji ya yi masa ca. Sai ya matsa ya tura mai riƙe da cooks gefe ya tsaya gabansa. Ki sauya jeren zuwa "My mother is tired", ki ga yadda zai koma inda ya saba, a sake korarsa zuwa bayan is. Ki ba wata yarinya sometimes ta ga ita an bar ta ta tsaya a farko, a tsakiya, a ƙarshe, ba mai korarta. Wanda aka kora daga wuri da ƙafarsa ba ya mantawa. Kuma kada ki ji kunyar yin bayani da Hausa in abu ya cije. Yaron da ya gane da Hausa ya rubuta daidai da Turanci ya fi wanda ya maimaita Turanci bai san me ya ce ba.

Shi kuma yaron, kada ki tashi daga wannan gefe ki faɗa wancan. Ba alƙalin aji za ki naɗa shi ba, kuma kada ki riƙa satar kallonsa duk sanda kika rubuta abu, yara za su gane. Yana da nasa ramukan, za ki gan su a rubutunsa, ki gyara masa kamar kowa, ba ramuwa ba sassauci. Yaron da aka ɗauko daga birni aka kawo ƙauye yana neman abin da zai tsaya a kai ne a cikin sababbin abokai, Turancin nan shi ne ɗan jarinsa. Ki sa dokar da ta shafi kowa: duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba a allo ya ɗaga hannu, in kin san amsar ki ba shi, in ba ki sani ba ku rubuta a gefen allo a zo da ita gobe.

Maganar ajiye aiki ban goyi bayanta ba ko kaɗan, haka ta sakin ajin. In kika sake shi, ɗayan biyu ne: ko ya zauna ba malami yara su yi ta tsalle a kan benci, ko a ba wani da shi ma use to ɗin zai rubuta, kuma shi ba zai tambayi kowa ba. Laifin barin makaranta ba malamin Turanci ba naki ba ne, na waɗanda ke da alhakin turowa ne. Ki samu shugaban makaranta ki ce za ki riƙe, amma ya ci gaba da rubuta takardar neman malami, ya kuma nemo miki littafin jagoran malami da manhaja. Ke kuma ki ɗaukar wa kanki ƙa'ida: duk jimlar da za ta hau allo gobe, yau da dare za ki rubuta ta a shirin darasi ki duba ta. Ki sauke ƙamusun masu koyon Turanci a wayarki, irin wanda ke aiki ba data, ki riƙa karanta misalan da ke ƙarƙashin kalma, don nan ake ganin wurin zamanta. Ki nemi wata malamar Turanci ta babbar sakandare a Ringim ko Taura wadda za ki riƙa tura wa jimlolinki ta WhatsApp. Ba za ki rasa ta ba a cikin waɗanda kuka yi karatu tare. In abin ya shiga ranki kina son ƙaro ilimi, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana da tsarin karatu daga nesa da aka yi don malaman da ke bakin aiki, ga kuma jami'ar tarayya a Dutse da ta jiha a Kafin Hausa duk a cikin jiharku.

Maigidanki ina kyautata masa zato tausayinki ya ji, ya ga kina dawowa rai a ɓace. Ki gode masa, ki ce kin ji, amma kina son ki gyara abin ne ba ki gudu ba. Aikin koyarwa ba a ajiye shi cikin fushi, samun wani ba wasa ba ne, kuma a ƙauye akwai iyayen da ganin mace a cikin malamai ne yake sa su bar 'ya'yansu mata su ci gaba bayan firamare. Ki faɗa masa wannan a lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba a tsaye a bakin ƙofa ba.

Faccalarki kuwa da ƙafarki za ki je, ba aike ba, ba waya ba. Matar yaya ce, gaba take da ke, zuwan ba zai rage ki da komai ba. Ki sanar da maigidan, ki shiga da la'asar lokacin da gidan ba cinkoso, ku gaisa sosai, sannan ki ce: Yaya, na zo ne kan maganar yaron nan. Raina ne ya ɓaci na hukunta shi, alhali shi ke da gaskiya, a yi haƙuri. Kada ki shiga bayanin Turanci, kada ki ce ai dariyar da aka yi ce ta ja, kada ki kawo wani tsohon abin da ke tsakaninku. In ta ɗan yi miki faɗa ki saurara, ɗanta aka sa a rana. Ki kuma yaba mata ƙoƙarin yaron, don abin yabo ne. Wannan zuwan ki yi shi kafin ranar da za ki shiga ajin, ko Asabar ko Lahadi, saboda abin da yaron ya ji ana faɗa a kanki a tsakar gida da shi zai zo makaranta ranar Litinin.